Sunan Illo a Bisa Takarda

Assalamu alaikum, ƴan uwana masu bina. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta ce tunda na zama dakta na daina kula talakawa. Ba haka ba ne, ƴar uwa. Kwana tara ke nan da dawowata Korgom, kuma tun da na sauka daga kabu-kabu ban samu natsuwar rubuta ko layi ɗaya ba. Yau dai zan faɗa maku abin da bakina ya jawo mani, don har yanzu ban san ko in kira shi laifi ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Amatullahi, a gida Amatu, shekarata ashirin da tara. A nan na fara lakwal, makarantar boko ke nan, na yi lise a Tasawa, jami'a a Maraɗi da Yamai, sannan shekara huɗu a Dakar ina tez, wato binciken zama dakta. Haske na karanta. Mama har gobe in tocilarta ta mutu ni take miƙo wa, na gaji da bayani na koyi canza batir. Aikina shi ne in bi haske in ga abin da yake yi in ya shiga cikin abu: nawa ya tsaya, nawa ya watse, nawa ya fito ta ɗaya gefen. Kun san in mutum ya ɗora yatsa a bakin tocila yakan ga ya yi ja? To wannan jan na kwashe shekaru ina aunawa, sai dai ni a kunnen saniya.

Wata ƴar na'ura na haɗa, ba ta fi abin maƙale shanya girma ba. A maƙala ta a kunnen saniya, ta haska launi huɗu, biyu ido na gani, biyu ba ya gani, wani ɗan gilashi a ɗaya gefen ya karɓa, lamba ta fito. Lambar ke faɗin ko jinin dabbar ya fara raguwa, tun ba ta rame ba, tun ba ta daina cin ciyawa ba. Makiyayi kan gane ne sai ya buɗe fatar ido ya ga ta yi fari, a lokacin kuwa sau da yawa sai dai wuƙa.

Matsalar ita ce a Dakar ba ni da ko akuya. Mai shanu yana nan gida. Sunanshi Illo. Ga shi na sake faɗa, ban daddara ba.

Tun kakanni, kowace kaka a gonar Abbanmu rugarsu take sauka, shanu su ci kara su bar mana taki. Aji ɗaya muka yi a kolej, kuma a lissafi ya fi ni, ba zan ɓoye ba. Muna aji na huɗu babanshi ya rasu, ya ajiye kaye, littafin rubutunmu na aji, ya ɗauki sanda, don shi ne ɗan fari. Shekara uku da suka wuce kawunnanshi suka zo gaisuwar neman aurena, Abba ya ce ya ba shi, amma sai na gama karatu. Shi kuma mutumin ya ce zai jira. Na ce to tunda jira za a yi, ga abin rage zaman banza, na aiko mashi da na'urar cikin gwangwanin madara, na naɗe ta da tsohon ɗankwalina.

Wasu ƴan mata ana aiko masu da hoton fure a waya. Ni hoton kaye ake aiko mani, Litinin da Alhamis, shanu arba'in da biyu, kowace da sunanta da lambarta, rubutun a jere tsaf. A ƙasan hoton sai ɗan mesaj:

"Woɗe 61. Ɓale 58. Rane ta ƙi tsayawa, ta kusa karya mani haƙori. Kin ci abinci?"

Wallahi nakan tsallake lambobin in fara da layin ƙarshe, in karanta shi sau uku, sannan in tuna ni ɗalibar kimiyya ce. A wayata "Mai Shanu" na sa mashi. Shi kuma "Madam Haske" yake ce mani in tsiya ta motsa. Ko a waya, mu biyu kaɗai, ban taɓa kama sunanshi ba, kuma ba wanda ya hana ni, haka kawai bakin yake yin nauyi.

A shekara ta biyu aikin ya kusa rushewa. Lambobin suka ƙi jituwa, saniya ɗaya yau ta nuna lafiya lau, jibi ta nuna kamar za ta faɗi. Na canza fitilu, na canza gilashi, na sake lissafin yadda haske ke watsewa a fata baƙa da fara, duk a banza. Malamina, Farfesa Oumarou, ya ce in fara tunanin wani batun. Ranar na shiga bayan labo, ɗakin bincikenmu, na yi kuka mai isata, na tura ma Mai Shanu cewa ya daina wahalar da kanshi.

Sai ga bokal, saƙon murya, ana jin kukan maruƙa a bayanshi.

"Wai kin lura da ƴan zoben da nike sawa gaban wasu lambobi? Waɗanda na auna ne kahin su sha ruwa. Saniya in ta wuni biyu ba ta sha ba jininta kauri yake yi, ko yanka ta anka yi ana gani. Na ga lambar na hawa, shi ya sa na riƙa sa alama. Na ɗauka kin sani."

Wata takwas yana sa waɗannan zobba, ni kuwa da digirina biyu na ɗauka bik ɗinshi na rubutu yake gwadawa. Na raba lambobin gida biyu, masu zobe da marasa zobe, sai ga komai ya miƙe sambal. Farfesa ya cire tabarau ya daɗe yana kallo.

"Qui a vu ça? Wa ya hango wannan?"

"Wani ɗan uwanmu ne a ƙauye," na ce, ina kallon ƙasa.

"To wanda ya hango wannan ba ɗan aike ba ne. Sunanshi zai shiga cikin masu aikin in mun buga shi. Ka'idarmu ke nan."

Na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Ku gane, a wurinmu ba abin da ya fi wannan. Mutum kan tsufa a labo yana neman sunanshi ya hau bisa takarda guda mai kyau.

Ranar da na kare tez ɗina gaban manyan malamai, atamfa shuɗiya na sa mai ɗigon fari, wadda Mama ta aiko, da mayafi ruwan toka. Wata ƙawata tana ɗaukar bideyo don mutanen gida. Da aka gama tambayoyi aka ce na ci, aka ba ni damar godiya. Na gode wa Allah, na gode wa iyaye da malamai. Sai na ji zuciyata ta ciko, na juya harshe zuwa Hausa don kar wani ya fassara mashi ba daidai ba. Na ce, "Ina godiya ga Illo Gambo, makiyayi a Korgom. Ba don Illo ba, da yau ban tsaya nan ba." Ɗakin ya ɗauki tafi. Ni a ganina na ba shi mafi tsadar abin da nake da shi.

Ƙanwata Nasiba, wadda magana ba ta kwana a bakinta, ta ɗauki waya ta nufi ruga a guje. Mata suka taru bakin bukka suna kallo, ana ta guɗa. Da aka zo wurin nan, in ji Nasiba, sai kowa ya yi tsit. Innarshi ta miƙe, ta ɗauki ƙwaryarta, ta shige ciki.

Ban san da wannan ba sai da na iso gida. Na tarar da Mama zaune a inuwar rumbu tana ɓarzar wake, ko ruwa ban gama sha ba ta fara.

"Ke yanzu da hankalinki, ki tsaya gaban maza da mata ki kama sunan mijin da za ki aura, gatsal, har sau biyu? Har da na ubanshi da ke ƙasa?"

"Mama, can haka ake girmama mutum."

"Can za ki zauna?"

Ta ci gaba da ɓarza, ta ɗora:

"Yarinyar da ke son namiji ba ta iya hiddo sunanshi. Wadda ta hiddo shi ba ko gargada, ta maida shi ɗan aikinta. Abin da suka ji ke nan, kuma ni ma abin da na ji ke nan."

Kwana biyu bayan nan Mama ta tasa ni gaba zuwa ban haƙuri. Ta sa na cire tabarau, ta sa na zumbula hijabinta mai ruwan ƙasa har ƙafa, ta hana ni agogo. Muka ɗauki sukari da ganyen shayi da sabulu, Nasiba na biye da mu da kayan a ka. Inna doguwa ce, siririya, ba ta ɗaga murya ko maraƙi ya shiga mata ɗaki. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta dama mana fura da kindirmo. Na durƙusa har gwiwata ta yi sanyi. Mama ta yi magana mai kyau, ta ce ƙuruciya ce da zaman baƙon wuri. Na ga fuskar Inna ta fara saki, har ta ce ba komai, yara ne.

Sai Nasiba ta buɗe baki, wai ita gyara za ta yi.

"Ai Inna abin alheri ne. Har a takarda za a buga sunan, duk duniya ta karanta."

Da ina kusa da ita da na taka mata ƙafa. Inna ta ajiye ludayi a hankali.

"Takarda?"

Dole na yi bayani, kaina a sunkuye. Ta saurara har na gama.

"Ni na haihe shi," ta ce. "Shekara talatin da ɗaya, ban taɓa kama sunan ga ba, ko ranar da sa ya soke shi na ɗauka ya mutu. Abin da anka hwaɗa da baki ya wuce, na yahe. Amma a rubuta shi, da hannun yarinyar da za ta shigo ɗakina, a jera shi da nata kahwaɗa da kahwaɗa, baƙi su riƙa kira? In ɗiyata ce, ta cire. In abokiyar aikinshi ce, ta bari, Allah ya ba su sa'a."

A hanyar gida Mama ta ce, "To kin ji. Abin ma da sauƙi, gogewa ce."

Washegari mujallar kimiyyar da muka tura wa aikin ta aiko da saƙo. Sun karɓi aikin, ga shi an shirya shi tsaf, in duba in tabbatar da sunayen masu shi kafin azahar ta Alhamis. Sunaye uku a jere ƙarƙashin kan magana: nawa, nashi, na Farfesa. Na tsaya a bayan rumbu, inda rezon waya ya fi kamawa, na buɗa nashi da yatsa biyu har ya cika fuskar wayar. Ban taɓa ganin abin da ya yi mani kyau haka ba.

Shi kuwa shiru. Tun ranar bideyon saƙo ɗaya ya turo: "Barka. Allah ya sa albarka." Ba "kin ci abinci", ba Madam Haske. Na rubuta "Ina son mu yi magana", na goge. Na rubuta "Ka yi fushi?", na goge. A ƙarshe na tura mashi hoton shafin da abin da Inna ta ce, alamar an karanta ta yi shuɗi, amsa ba ta zo ba.

Shekara huɗu ina Dakar ban yi kewarshi kamar ta kwanakin nan ba. In na leƙa ta saman danga da hantsi ina hango shanunshi a gonarmu, ina hango malafarshi tana yawo a tsakaninsu. Ina gane Rane daga nesa, ni da ban taɓa shafa ta ba, lambarta kawai na sani. Tafiyar da ba ta kai dahuwar shayi ba ce tsakaninmu, amma ba ni da hujjar zuwa. Da can aiki ne hujjata, aikin kuwa ya ƙare. Sai in zauna in yi ta bin tsofaffin hotunan kaye, ina karanta layin ƙarshe na kowane.

Ga abin da na zo in amsa a gabanku. Ranar Laraba na goge sunan. Na shirya shafin da sunaye biyu, na ajiye ban tura ba. Na san sata ce. Na san in Farfesa ya tambaya ƙarya zan yi in ce mai sunan ne bai so. Don haka na ƙudura in je in sa shi ya faɗa da bakinshi, ya ce cire, ni ke nake so ba takarda ba. Da haka in samu mijina, in kuma samu wanda zan ɗora wa laifin.

Alhamis da safe na ce ma Mama zan je gaida gwaggo. Na sa doguwar riga kore, na shafa kwalli, na fesa turaren da na yi wata shida ina ɓoyo. Mama ta kalle ni sama da ƙasa ta ce gwaggon ta gode. Na bi ta bayan gari zuwa rijiyar makiyaya.

Ana tsakar shayarwa. Sa na jan igiya, guga na fitowa, shanu na turereniya bakin kwami, mata a gefe guda suna cika jarkoki. Yana tsaye ya ba ni baya, riga baƙa da ta koɗe a kafaɗa, wando a naɗe, ƙafa duk taɓo. Na tsaya a bayanshi na rasa da me zan kira shi. Na yi gyaran murya sau biyu kafin ya juyo.

"Dakta," ya ce.

"Kar ka ce mani haka."

"To mi zan ce?"

Ya rame. Na so in tambaye shi ko ya ci abinci, sai na ji kuka zai riga maganar fita. Na miƙa mashi waya, na nuna mashi shafi biyun, mai suna uku da mai suna biyu.

"Kafin azahar zan tura ɗaya. Wanda ka ce."

Ya goge hannu a riga ya karɓa. Ya daɗe a kan na farkon, leɓenshi na motsi, yana bin Faransancin a hankali kamar yadda muke yi a aji.

"Nan ina ne anka yi maganar ruwan?"

"Shafi na huɗu. Rabin aikin a kanshi ya tsaya."

Ya nemo wurin, ya karanta, ya gyaɗa kai.

"Na ji haushin bideyon?" ya ce, kamar ni na tambaya. "Na kalle shi ya fi sau hamsin. Ina shiga daji in kunna ma shanu."

Dariya ta kuɓuce mani tare da hawaye. Zuciyata ta ce shi ke nan, yanzu zai ce cire.

"Ki bar shi."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Ka ji abin da Inna ta ce fa."

"Na ji. Kwana huɗu ina jin shi." Ya kalli wayar, bai kalle ni ba. "Ke tun kina ƴar shekara bakwai ake rubuta sunanki ana liƙawa a bango. Ni tun da na bar lakwal, in ba katin allurar shanu ba, ba inda anka rubuta nawa. Shekara uku na sha rana da ƙaho. Ban yi don wannan ba, Allah ya sani, don ke na yi. Amma yanzu da na gan shi, ba ni iya cewa ba ni ne ba."

"To ni fa?"

"Ke ce kinka hwaɗa ma duniya. In kin cire, wace ce gaskiyar, ta ranan ko ta yau?"

Kunya ta rufe ni har na ji kunnuwana sun yi zafi. Ya gane abin da ya kawo ni, bai dai faɗa ba.

"In Inna ta fasa?"

"Zan roƙe ta. Zan tura kawunnai. In ta ƙi..." Ya miƙo mani wayar. "Ba ni tsallake maganarta, kin sani. Ba kuma ni son ki shigo gidana da abin da kinka goge a hannunki. Duk ranar da munka yi hwaɗa sai ɗayanmu ya tuna."

Wani sa ya bangaji kwami, ruwa ya fantsamo mani a riga, ban ko matsa ba. Ina son mutumin nan, jama'a. A lokacin da yake ƙin ba ni abin da na zo nema na fi sonshi, kuma na ji haushinshi kamar in shaƙe shi.

"To kai za ka danna," na ce. "Ni hannuna ba zai iya ba."

Na buɗe mai suna ukun. Ya ce bismillah, ya sa babban yatsa, wayar ta ƙi ji don danshi. Ya sake gogewa ya danna. Abin ya yi ta juyawa, rezo na wasa da mu, har na fara fatan ya ƙi tafiya. Sai ya tafi.

Da na ɗago, na ga ba ni yake kallo ba, bayana yake kallo.

Inna ce. Ban san tun yaushe take cikin matan nan ba. Jarka a gabanta, gammo a hannu, fuskarta ba fushi ba fara'a. Ta dubi wayar, ta dubi ɗanta, bai ɗaga kai ba. Na durƙusa a cikin taɓon da rigata kore, na gaishe ta.

Tun ranar da aka kai gaisuwa gidanmu, "yarinyar nan" take ce mani, ko "ɗiyata", don suruka ba ta kama sunan matar ɗanta na fari. Ta ɗora gammo, wata ta taya ta aza jarka. Sannan ta amsa mani da murya mai daɗi, yadda ake amsa wa ɗiyar maƙwabta.

"Lahiya lau, Amatullahi. Ki gaida mutanen gida."